Aska daban, jarfa daban, hatimi daban

Nafi'u ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya karatu? Saƙonka ya iso. Ƙanwarka Hadiza ce ta karanta mini, ita ce kuma take buga maka wannan amsar ina faɗa mata, don idona ya fara gardama da ƙananan rubutun waya.

Ka ce kun yi musu da wani abokinka da ya je aka yi masa zanen nan da kuke kira tatu a damtse. Ya ce maka da nasa da askar da ke fuskata ni baffanka duk ɗaya ne, kowa da sitam ɗinsa, wato hatiminsa. Sai ka tambaye ni, tunda kai ba a yi maka askar Kabawa ba, ko akwai laifi in ka sa aka zana maka ita a kafaɗa da injin nan nasu, ta zama tambarinka. To kada ka yi. Amma na san halinka tun kana ƙarami, in ba a ba ka dalili ba sai ka kwana kana saƙe-saƙe, don haka saurara. Fuskata tana da aska, hannuna kuma ya riƙe hatimin ofis tun ina ƙaramin akawu har na yi ritaya, ka ga duka biyun ba labari na ji ba.

Askar gado bin uba take yi. Ba a tambayar jariri, ba a ma tambayar uwarsa. Cikin kwanakin suna wanzamin gida zai zo da sassafe da zabirarsa, don kowane gida da wanzaminsa: ubansa ne ya yi wa ubanka, kakansa ya yi wa kakanka. Wata tsohuwa za ta ɗora jaririn a cinya ta riƙe kansa gam, wanzami ya goga askarsa a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya riƙa jan layi ɗaya bayan ɗaya daga wajen kunne zuwa gefen baki, bakinsa yana motsi yana ƙirge. In ya gama sai a murza baƙin tukunya a wurin don tabon ya fito sosai. Uwa tana ɗaki tana jin kukan, ba ta da ta cewa, balle in ɗan fari ne.

Ka san abin da ya sa yake ƙirge? Saboda karantawa za a yi. In ya ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya ya mai da yaro ɗan wani gida. A da in ka shiga kasuwar Argungu ko ta Jega ba sai ka tambayi mutum daga ina yake ba. Ga Bagobiri da shida da bakwai ɗinsa, ga Bazamfare, ga Ba'are daga wajen Kangiwa, ga Badakkare daga ƙasar Zuru, kowa da nasa tsarin. Tun daga nesa ka san wanda za ka rusuna wa, ka san taubashinka da za ka ja da wasa ka karɓe masa goro. A lokacin yaƙi kuwa abin ya wuce wasa. Tun 1805 da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, aka shafe yawancin ƙarnin nan ana fafatawa tsakaninmu da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Yaron da aka kama a hari aka kai shi wata ƙasa yana iya manta sunan garinsu, har harshen ma ya ɓace masa, amma in wani fatake ya dubi fuskarsa zai ce wannan Bakabe ne, a kai labari gida, a nemi fansarsa. Wannan shi ne aikin askar.

Ba kowace tsaga ce ta gado ba kuma. Akwai bille, akwai 'yar baka, akwai kalangu da fashin goshi, wasu na gida ne, wasu don kyau aka yi. Akwai tsagar magani da ake yi wa yaro a ciki ko a ƙirji in yana yawan ciwo. Akwai wadda ake yi wa ɗan macen da ke wabi, a ɓata masa fuska ko a tsaga kunne wai don mutuwa ta ƙyale shi, wannan kam camfi ne tsagwaronsa.

Abin da abokinka ya yi, mu ma muna da sunansa tun kafin a haife shi: jarfa. 'Yan mata ne suka fi yi, gab da aure, a kumatu da wuya da ƙirji da hannu. Ba yanka ake yi mai zurfi ba, tsattsagawa ake yi ƙanana a cusa baƙi a ciki, in ya warke ya koma kamar shuɗi-shuɗi. Matan Fulani har leɓe da dasashi suke baƙantawa. Ita jarfa yarinya ce take zaɓar zanenta, ta biya da kuɗin tallarta, kuma ba ta gaya wa kowa ko 'yar gidan wa ce. Tatu ɗin nan jarfa ce da inji, ba wani abu ba. Su kansu Turawa aron kalmar suka yi, matuƙan jirginsu ne suka jiyo ta a tsibirin Tahiti a tafiyar Kyaftin Kuk ta 1769. Allurar tana huda fatar sama ta ajiye tawada a fatar da ke ƙarƙashi, wadda ba ta saɓulewa. Shi ya sa lallen da uwarka ke ƙunsawa yake fita cikin mako biyu ko uku, don a fatar sama ya tsaya, wannan kuwa sai dai a bi shi da na'ura ana ƙona tawadar zama bayan zama, da kuɗi mai yawa, kuma sau da yawa sai ya bar tabo.

Hukuncin jarfa a addini ba ɓoyayye ba ne. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. Malamai suna haɗa shi da ayar Suratun Nisa'i da ta yi magana kan canza halittar Allah. Ita ma askar gado malamanmu ba su wanke ta ba, sai dai sukan ce wanda aka yi wa yana jariri ba shi da alhaki. Ka lura da wannan. Ni an yi mini ban san inda kaina yake ba. Kai kuwa da ƙafarka za ka je, da hankalinka, da kuɗinka.

Yanzu zo mu je ga hatimi, don a nan ne abokinka ya fi yin nisa da hanya.

Hatimi ba ado ba ne, kuma ba ya faɗin asalin kowa. Abin da yake cewa shi ne: akwai wani mai iko da ya ga wannan takarda, ya yarda da ita, in ta zama ƙarya a zo a kama shi. Lokacin da Annabi zai rubuta wa sarakunan duniya wasiƙu, aka gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa aka rubuta Muhammadur Rasulullah a jiki. Bayansa zoben ya koma hannun Sayyadina Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Ka ga hatimi yana tashi daga hannu zuwa hannu, yana bin kujera. Haka wasiƙun sarakunan Sakkwato da Gwandu suke ɗauke da hatimi, manzo yana miƙa takarda abin da za a fara dubawa ke nan.

Nawa na roba ne da mariƙin katako, da ɗan kushin tawada mai ruwan shuni a cikin gwangwani. A aljihun tebur nake kulle shi, makullin yana ɗaure a mazagin wandona, ko salla zan fita sai na ja aljihun na ji ya kama. Ba a buga shi haka kawai. Sai an karanta takarda, an ga ta mai unguwa da ta hakimi, sannan a danna shi a kushin, a buga, mai sa hannu ya sa hannu a kansa ya rubuta kwanan wata. Ina tuna wani tsoho da ya kawo jikansa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kuke kira indijin, yaron zai shiga makaranta. Na ce Baba ina takardar hakimi? Sai ya tura hularsa baya, ya matso da fuskarsa har ina jin ƙamshin taba a bakinsa, ya ɗora yatsa a kuncinsa ya ce, "Yaro, ga takardata nan, karanta." Na karanta kuwa, don askarmu iri ɗaya ce da shi. Amma ban buga ba, sai da ya koma ya kawo ta hakimi. Ya fita yana faɗa, yana cewa zamani ya lalace tunda roba ta fi fuska. A ranar nan kuma na buga wa wani yaro mai fuska sumul, ba ko ɗigo, saboda takardunsa sun cika. Ran da na yi ritaya na ƙirga hatiman ofis na miƙa wa wanda ya gaje ni, ya sa hannu ya karɓa. Daga ranar in na buga shi a wata takarda na zama ɓarawo. Askar kuwa da ita na dawo gida, ba wanda ya ce in ajiye.

Shi ya sa ake yin hatimin jabu, ake kuma ɗaure mutum a kansa. Je ka bakin kowace babbar kasuwa za ka ga masu sassaƙa hatimi da reza, in ka ba su suna kafin la'asar sun gama. Robar ba ta da daraja, wanda ke tsaye a bayanta shi ne abin.

Sitam ɗin da kuke faɗa ma iri biyu ne, kun haɗe su. Akwai wannan na bugawa, akwai kuma na mannawa a ambulan, wanda muke kira kan sarki. Ku 'yan waya ba ku san shi ba. An fara shi a Ingila a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya a jiki, na Arewacin Nijeriya da aka fitar a 1900 ma kanta ne, bayan haɗewar 1914 kuma aka ci gaba da na Sarki Joji na biyar. Mutanenmu suka duba suka ga kan mutum da kambi, suka raɗa masa suna. Shi shaidar biya ce. A zamaninmu har a rasit da takardar cinikin gida ana manna shi a sa hannu a kai, kuma da an buga masa hatimin gidan waya ya mutu, ba ya sake aiki. Tambari kuwa da ka ce kana so, kafin ya zama sunan alamar kamfani sunan ganga ne, gangar da ba a buga wa kowa sai sarki. Talaka bai taɓa wayar gari ya ce yau zan yi wa kaina tambari ba.

In kana neman inda shaida a jiki da hatimi suka haɗu, to a dabba ne da kaya. Buzu yana yi wa raƙuminsa lalas, wato shaidar ƙuna da ƙarfe mai zafi, Bafulatani yana tsaga kunnen saniyarsa, mai albasa a Aliero yana shafa alamarsa a buhu kafin a loda mota zuwa Kudu. Duk ma'anarsu ɗaya: wannan nawa ne. Ko a dabbar ma Annabi ya hana a yi lalas a fuska. In abokinka ya nace cewa abin da ke damtsensa sitam ne, ka tambaye shi na wane ne, wa ya mallake shi.

Za ka ce to me ya sa mu da muka san darajar askar ba mu yi muku ba? Ni da mahaifinka mun zauna a kan wannan tun haihuwar yayanka. Kakarku ta yi fushi, ta ce za mu tara mata jikoki kamar baƙi. Muka ba ta haƙuri. Hari ya ƙare, ba a kama yaro a sayar, aikin da askar take yi takarda ta karɓe shi. Malamai suna wa'azi a kai. Ma'aikatan asibiti kuma suna ta gargaɗi cewa aska ɗaya a jikin yara da yawa tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan zuwa wancan, kuma allurar masu tatu in ba a canza ta ba haka take. Daga baya ma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa. Wanzamanmu na nan da sauran ayyukansu, aski da ƙaho da kaciya, Sarkin Aska ma yana nan da rawaninsa.

To ka duba abin da za ka samu in ka yi. Askar Kabawa a fuska take, a kafaɗa ba mai karanta ta, tsofaffin da suka iya karatun ma saura ƙalilan. Ba wanzamin gidanmu ne zai yi ba, wani yaro ne zai kwafo hoto daga waya, ƙila ma ya zana maka ta Gobirawa ka dawo muna yi maka dariya. Ba ta shiga gado ba, ba ta zama hatimi ba, jarfa ce kawai da hukuncinta a kanka. Kuma na ji kana maganar shiga soja in ka gama. Cikin sharuɗɗan ɗaukarsu akwai cewa kada mutum ya kasance da zane a jiki, kuma tuɓe ku za a yi a duba.

Son da kake yi a san kai Bakabe ne ya yi mini daɗi, ban raina shi ba. In ka zo hutun Babbar Salla ka taho da littafi da biro. Zan ba ka sunayen kakanninka har inda na sani, da garin da kowannensu ya zauna, da sana'arsa. Wanzamin gidanmu ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau yake, zan kai ka ya nuna maka yadda tsarin askarmu yake da inda ta bambanta da ta maƙwabta, ka rubuta. Ka riƙo masa goro da ɗan abin sayen sabulu, ba a zuwa wurinsa hannu rabbana.

Hadiza ta ce hannunta ya gaji. Ka gaida abokin naka, ka karanta masa wannan in zai saurara. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka daina zama da yunwa.

Baffanka,
daga Argungu