Amsar tambayar Yaya kan littafin da Ummi take karantawa

Yaya, barka da war haka. Kin tambaye ni ko gaskiya ne mu Hausawan Ingila muna barin 'ya'yanmu mata su duƙufa kan littattafan soyayya, har uwa ta zauna tana taya 'yarta hirar abin da ke ciki. Gaskiya ne, ba ƙage aka yi mana ba. Sai dai wanda ya kawo miki labarin rabinsa ya kawo.

A nan, duk yaron da zai rubuta jarrabawar adabi ta ƙarshen sakandare, yana ɗan shekara 16, sai ya karanta ƙagaggen labari na ƙarni na 19. Laburare kyauta ne, tsofaffin littattafan nan kuma a waya ma ana samun su ba ko kwabo. Ba mu da babban gida mai goggo da inna da kaka da za su taya mu sa ido. Idan na ƙwace wa 'yata Ummi littafi yau, gobe malama za ta tambaye ta shi a aji. Shi ya sa da yawa cikinmu a nan Biristol muka ga gara mu karanta abin da suke karantawa. Akwai masu ganin zubar da girma ne uwa ta yi zancen saurayi da budurwa da 'yarta, ko da na cikin littafi ne, kuma ban ga laifinsu ba, haka aka rene mu duka.

Wanda kika gani a hannun Ummi a hoton nan shi ne Northanger Abbey na Jane Austen, matar da hotonta ke jikin takardar fam goma tun 2017. Fam goma ɗin ne kuwa aka sayi littafin a hannunta a 1803, mai ɗab'in ya jefa shi a durowa ya ƙi bugawa, sai a 1816 ɗan'uwanta Henry ya fanso shi. Bai fito ba sai Disamba 1817, bayan ta rasu a watan Yuli.

Surutun da ake yi a gida kan littattafan kasuwar Kano, wanda har ya kai ga ƙona wasu a 2007, Turawan Ingila sun sha irinsa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. A lokacin 'yan mata sun haukace kan labaran tsoro da ake kira Gotik: tsohuwar fada da ta zama kango, ƙofar ɓoye, mugun mai gida da ya kulle mace a ɗakin da ba a shiga. Wanda ya fi tashe shi ne The Mysteries of Udolpho na Ann Radcliffe, na 1794. Manya suna ta cewa waɗannan littattafai za su lalata yara mata. Austen ta ɗauki yarinyar da ta yi nitso cikinsu ta gina labari a kanta.

Catherine Morland 'yar shekara 17 ce, 'yar limamin cocin ƙauye, su goma a gidansu. Maƙwabta masu hali suka tafi da ita Bath, garin shaƙatawar masu kuɗi na wancan zamani, nan kusa da mu. Can ta haɗu da Henry Tilney da 'yar'uwarsa Eleanor, mahaifinsu Janar Tilney ya yi ta haba-haba da ita, har ya gayyace ta gidansa na Northanger, wanda asalinsa gidan ibadar mata masu zaman zuhudu ne kafin a rushe irin waɗannan gidaje zamanin Sarki Henry na 8. Yarinya ta ce ga labarinta ya zo.

Daren farko ana ruwa da iska, ta ga wani baƙin kabad a ɗakin da aka sauke ta. Ta yi ta fama da makulli, hannu na rawa, ta zaro wasu naɗaɗɗun takardu daga can ciki, kafin ta karanta kyandir ya mutu mata. Ta kwana tana makyarkyata. Da gari ya waye ta buɗe, sai ga lissafin kayan wanki: riguna, safa, ɗaurin wuya, har da kuɗin maganin wata goɗiya. Da na karanta wa matanmu Hausawa na nan wannan wurin a zamanmu na ƙarshen mako, wata 'yar Katsina sai da ta ajiye farantin waina don dariya. Ba ta daddara ba kuma. Ta ji matar Janar ta rasu shekara tara baya, ta ga ba ya son zancenta, sai ta yanke cewa ko dai ya kashe ta ko ya kulle ta. Henry ya kama ta tana leƙen ɗakin marigayiyar, ya wanke ta tas, ya ce ta tuna a Ingila suke, ƙasar doka da jaridu da maƙwabta masu sa ido. Ta ruga ɗaki tana kuka.

Da a nan labarin ya tsaya, da masu hana karatu sun yi nasara. To, bai tsaya ba. Ba a jima ba Janar ya dawo daga Landan cikin dare, ya aiko Eleanor ta gaya wa baƙuwarsu ta bar gidan da ƙarfe bakwai na safe. Tafiyar mil 70, ita kaɗai, ba ɗan rakiya, ba a ma tambaye ta ko tana da kuɗin hanya ba, sai da Eleanor ta tuna ta ba ta. Dalili kuwa, wani cika-baki mai suna John Thorpe ne ya fara gaya masa yarinyar za ta gaji dukiya, daga baya da ta ƙi shi ya koma ya ce gidansu ba su da ko sisi. Duk karamcin nan ashe kuɗi Janar yake yi wa.

Nan zamanmu ya yi tsit, dariya ta ƙare. Ke kin san abin da korar baƙo yake nufi a wurinmu, balle 'yar mutane da aka karɓo amana. Ni a ganina nan ne gwanintar Austen take. Yarinyar ta yi kuskuren laifin da ta ɗora wa mutumin, amma hancinta ya shaƙo gaskiya: ta ga 'ya'yansa ba sa sakewa idan yana wuri, ta ga yadda gida ke ɗaukar rawa idan an makara cin abinci. Littattafan tsoro ne kawai suka ba ta sunan da za ta kira abin da ta gani. Marubuciyar da kanta ta ce, da Catherine ta ji yadda abin ya faru, ta ga ba ta zalunce shi sosai ba a zaton da ta yi masa. Henry mai wa'azin hankali kuma, shi ne a hanya ya cika mata kai da tatsuniyar kabad da takardu don ya tsokane ta, kuma bai hango abin da ubansa zai aikata ba. Ki lura kuma, John Thorpe maƙaryacin nan shi ne mai bugun ƙirjin cewa ba ya karanta irin waɗannan littattafai. A babi na biyar ma Austen ta ajiye labari gefe ta kare masu rubuta su.

Ba duka muka yarda da ita ba. Wata dattijuwa cikinmu ta ce inda yarinyar ta ci sa'a shi ne iyayenta, domin da Henry ya biyo ta neman aure sun ce ba za su bayar ba sai ubansa ya amince, ko da sun san halinsa. Ummi ta ce ai amincewar ma sayen ta aka yi: sai da Eleanor ta auri mai sarauta, hankalin Janar ya kwanta, ya kuma gano Catherine za ta zo da fam 3,000, sannan ya ce ɗansa ya je ya yi wautarsa in yana so. A kan wannan take rubuta aikin da malamarsu ta ba su, kuma har yanzu ita da dattijuwar ba su daidaita ba.

Ki gaishe min da su Baba da yaran duka.