Amsa ga Almajirina Kan Bugun Sallama a Dama ta Huɗu

Ɗana, ka tambaye ni bayan wasanmu na ƙwallon Amurka na daren Juma'a abin da ya sa na hana yaranmu yin bugun sallama, wanda a nan Amurka ake kira fant, alhali muna dama ta huɗu, saura yadi biyu, a kan layin yadi 38 na abokan karawa. Ka ce duk mai horarwar da ka taɓa gani, bugawa yake yi a irin wannan wuri. Ban amsa maka a fili ba, domin maganar ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye cikin hayaniyar 'yan kallo.

Ka fara duba abin da bugun yake sayo maka da abin da kake biya. Doka ta ba ka dama huɗu ka ci yadi goma. Idan ka buga ƙwallo a ta huɗun, ka miƙa ta ga abokin karawa da hannunka, kuma ladanka kawai shi ne ya fara tafiya daga nesa. A inda muke tsaye a daren nan, da ƙwallon ta zarce layin ci, da an dawo musu da ita yadi 20, ribarmu yadi 18 ke nan, abin da jifa ɗaya mai kyau ke cinyewa. A kan wannan ɗan tazarar za mu sarayar da damar cin maki shida. Shekaru da yawa na yi ina bugawa a irin wannan wuri ban taɓa yin wannan lissafin ba, kuma gaskiyar magana ita ce zargi nake gudu, domin wanda ya buga ba a tuhumarsa ko an ci shi.

Wanda ya buɗe mini ido ba mai horarwa ba ne, masanin tattalin arziki ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Romer, a binciken da ya wallafa a 2006. Ya ɗauki wasannin NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, na 1998 zuwa 2000, ya auna darajar riƙe ƙwallo a kowane yadi na fili, wato makin da ake tsammanin ƙungiya za ta samu daga wannan wuri, sannan ya kwatanta darajar bugawa da ta gwada cin yadin da ya saura. Ya samu cewa a mafi yawan wuraren da lissafi ya nuna gwadawa ta fi riba, ƙungiyoyin bugawa suke yi. Sai dai ka lura da iyakar aikin, domin a nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Kashin farko na kowane wasa kaɗai ya ɗauka, lokacin da agogo da yawan maki ba su fara matsa wa kowa ba, kuma da yake ƙungiyoyi ba su cika gwadawa a dama ta huɗu ba, sai ya ari alƙaluman dama ta uku. Saboda haka lissafinsa ba na mintunan ƙarshe ba ne. A can, abin da ake aunawa shi ne yiwuwar cin wasan gaba ɗaya.

Na san abin da ke ranka, wato cewa mun gwada a daren Juma'a kuma an tare mu. Haka ta faru da Bill Belichick, mai horar da ƙungiyar Patriots a lokacin, a watan Nuwamba na 2009, lokacin da Patriots ke gaban Colts da ci 34 da 28, saura kimanin minti biyu, suna dama ta huɗu da yadi biyu a kan nasu layin yadi 28. Ya ƙi miƙa ƙwallo ga Peyton Manning, mai jifan Colts, ɗan wasansa Tom Brady ya jefa wa Kevin Faulk, aka ce bai kai ba, Colts suka ci wasan 35 da 34. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, aka yi masa ca, amma masu lissafi da dama sun nuna cewa shawarar tana da hujja. A watan Fabrairu na 2018 kuwa, Doug Pederson, mai horar da Eagles a lokacin, ya gwada a dama ta huɗu, saura yadi ɗaya, a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, Nick Foles ya cafe ƙwallo a gidan ci, aka yi ta yabonsa. Tunani iri ɗaya ne ya kai su duka biyun ga shawararsu, faɗuwar ƙwallon ce ta bambanta, shi ya sa ba na yarda a auna shawara da sakamakon dare ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka ina so mu daina bugun sallama. Kevin Kelley, lokacin da yake horar da makarantar Pulaski Academy a jihar Arkansas, kusan bai taɓa yi ba, kuma ya ci kofin jiha sau tara, amma yana da masu kai hari da suka fi na yawancin abokan karawarsa, ya kuma gina horonsa duka a kan wannan tsari. Mu idan saura yadi tara a kan namu layin yadi 15, bugawa za mu yi, kuma ina so yaronmu mai bugu ya ƙware a ajiye ƙwallo cikin yadi goma na ƙarshe.

Alƙaluman NFL na manya ne, yaranmu kuwa 'yan sakandare ne, bugunsu bai kai nasu nisa ba. Daga wannan mako ka riƙe littafi a bakin fili. Duk lokacin da saura yadi uku ko ƙasa da haka, a dama ta uku ko ta huɗu, ka rubuta ko mun ci ko an tare mu, kuma duk bugun da aka yi ka rubuta inda ƙwallo ta tashi da inda abokan karawa suka fara, bayan an cire abin da suka dawo da shi a guje. Ka kawo mini shi ranar Litinin kafin mu kalli faifan wasan.