Ku Tambayi Anti: Ledar matse kaya tana rage nauyin akwati kuwa?

Assalamu alaikum jama'ar zango, na Ankara (Accra) da na Kumasi da duk inda kuke karanta mu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa a kan shirya kayan tafiya ne, musamman ledar nan da ake zuƙe mata iska wadda ta cika TikTok, to bari mu shiga kai tsaye.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce daga Asawase a Kumasi, na samu gurbin karatu a Ingila zan tashi watan Satumba in sha Allah, tikitina akwati biyu ne kowanne kilo 23. Mamana ta saya min rigunan sanyi da bargo a gwanjo sun cika akwati ɗaya su kaɗai. Ƙawata ta ce in sayi ledar matse kaya wai komai zai shiga kuma nauyi zai ragu. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanwata Allah ya sanya alheri ya ba da sa'ar karatu. Rabin maganar ƙawarki gaskiya ne, rabin kuma shi ne ke sa mutane kuka a gaban sikeli a filin jirgin Ankara. Ledar nan iska kawai take cirewa, iska kuma ba ta da wani nauyin da sikeli zai gani, bargon da yake kilo 2 kafin ki matse shi kilo 2 ne bayan kin matse, sai dai ya koma fale-fale ya bar miki wuri. To haɗarin a nan yake, da zarar mutum ya ga wuri ya buɗe sai ya ci gaba da cusa kaya, akwatin ya rufu lafiya lau babu ko kumburi, sai an ɗora a sikeli a ga 29 ko 30, ga layi a bayanki, ga 'yan rakiya an tsayar da su a waje, ke kuma kina durƙushe a ƙasa kina zazzage kayanki a gaban jama'a ko ki biya kuɗin ƙarin nauyi wanda sau da yawa ya fi kuɗin kayan da kika ƙara ɗin. Wallahi abin yana min ciwo duk sanda na gani, musamman ga yaran da tafiyarsu ta farko ke nan. Kuma ki sani yawancin kamfanonin jirgi ba sa karɓar akwati guda da ya wuce kilo 32 ko da za ki biya, saboda lafiyar bayan masu ɗaukar kaya.

Don haka kafin ki sayi leda, fara sayen ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, wanda ake rataya akwati a ɗaga. In ba ki samu ba ki hau sikelin gida ke kaɗai, ki sake hawa ɗauke da akwatin, ki cire na farko daga na biyu. Ki auna akwatin tun babu komai a ciki ma, don manyan nan masu ƙwarin jiki wasu su kaɗai suna cin kilo 4 zuwa 5 daga cikin 23 ɗinki. Ki tsaya a 22, saboda sikelin gida da na filin jirgi ba koyaushe bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Ita ledar kala biyu ce a kasuwa. Akwai mai bawul a tsakiya wadda sai da famfo ko injin zuƙe ƙura, ta fi matsewa sosai amma ki tuna ranar dawowa ko ranar da jami'in kwastan ya ce buɗe mu gani, iska ta koma ciki ke nan, in ba famfo a kusa akwatin ba zai ƙara rufuwa ba. Sai ɗayar da ake zuge bakinta a naɗe ta da hannu kamar tabarma iskar ta fita ta ƙasa, ba ta kai waccan matsewa ba amma ko a tsakiyar filin jirgi za ki iya sake naɗe abinki cikin minti biyu. Ni ga matafiyi ita nake zaɓa, waccan ta fi dacewa da ajiyar barguna a gida. In kuma mai famfon kika riga kika saya, jefa famfon cikin akwatin ku tafi tare.

Me za ki saka a ciki? Abin da ke da iska a jikinsa, jaket, suwaita, bargo, tawul. Atamfa yadi shida a ninke ko wandon jins babu iskar da za a cire musu, ɓata leda ne kawai. Sannan abu mafi muhimmanci gare mu a nan, kayan su bushe ƙarau kafin ki rufe. Kin san yanayin Kumasi da damina, kaya suna kan igiya kwana biyu amma in kin taɓa da sauran sanyi-sanyi, in kika kulle wannan danshin a leda sati biyu za ki buɗe ki tarar da funfuna da wari wanda wanki ɗaya ba ya fitarwa. Ki goge su da dutsen guga, ki bari su huce, sannan ki rufe, kuma ki yi haka kwana biyu kafin tafiya don ki ga ko ledar tana shan iska, masu arha da yawa sukan kumbura kafin gari ya waye. Jaket ɗin da ya fi kowanne nauyi kuma kar ki sa shi a akwati sam, ki riƙe shi a hannu, za ki buƙace shi da kin sauka.

TAMBAYA: Salam Anti. Daga Nima nake, zan raka surukata Umara. Tsohuwa ce, tana shan maganin hawan jini da na suga. Kayana da nata akwati ɗaya za mu haɗa, akwai shaddodi masu aiki da abayoyi. In matse su a ledar? Kuma 'yan jakunkunan nan masu zif da ake jera kaya a ciki suna da amfani ko ado ne?

AMSA: Hajiya Allah ya karɓa, ya saka miki da alheri kan wannan hidima da Mama, ki sa mu a addu'a. Shadda dai don Allah kar ki matse ta. Shaddar da aka sa wa sitati aka kai wa masu bugu ta yi sheƙi, in leda ta danne ta sai ninkin ya zauna ya zama layi fari-fari wanda guga ba ta cika gyarawa ba, aikin wuya kuma ya lanƙwashe, duwatsun abaya da na leshi su huda ledar ma gaba ɗaya. Ki ninke su a faɗi yadda mai bugu ya ba ki, ki sa siririn mayafi tsakanin kowace biyu, su zauna a can sama su ne na ƙarshen shiga. Abin da ledar za ta yi miki amfani a wannan tafiya tawul ne da rigar sanyin Mama, in kuma da namiji a tawagar to haraminsa, shi kam yana matsuwa sosai, amma in ta Jidda za ku sauka ya bar ɗaya a jakar hannu tunda kafin a iso miƙati ake ɗaurawa.

Su kuwa 'yan jakunkunan ba ado ba ne, a wajenki ma sun fi ledar amfani nesa ba kusa ba. Ba sa ƙara wuri sosai, aikinsu kar kaya su cakuɗe. Ki sayi kala biyu, naki kala ɗaya na Mama kala ɗaya, hijabai a guda, kayan ciki a guda, safa da ƙananan abubuwa a guda, ki bar ɗaya babu komai don kayan datti. Tsohuwa da asuba tana neman hijabinta ana sauri a tafi Harami, ba sai ta tashe ki ko ta birkice akwati duka ba, ta san launin nata ta zuge ta ɗauka, wannan kaɗai yana kare mata mutuncinta ba ta jin ta zame miki nauyi. In kuɗi bai kai ba tela a Nima ko Mamobi zai ɗinka miki su da ragowar atamfa ya sa zif, aikin ɗaya ne.

Magungunan Mama kuma ko kusa kar su shiga babban akwati. Jakar hannu, a cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita, kuma ki ƙara na 'yan kwanaki a kan lissafin tafiyar. Akwati yana iya makara a Addis Ababa ko Alƙahira in da canjin jirgi, mai suga ba zai jira shi ba. Fawa bank shi ma jakar hannu ne dole, ba a yarda da batirinsa a cikin kayan da ke ƙasan jirgi ba, turare da man shafawa kuma in a hannu ne kowace kwalba kar ta wuce mililita 100. Ki bar fili a akwatin saboda tsaraba, dabino da darduma nauyi gare su, zamzam kuwa yana da nasa galan na lita 5 a rufe da ake awonsa daban, ba a cusa shi cikin kaya.

TAMBAYA: Anti ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya a Kantamanto in kai Kejetia a motar VIP. Ledar za ta yi a cikin jakar Ghana Must Go?

AMSA: Ɗan'uwa za ta yi, a mota ma ta fi biyan kuɗinta tunda yaran mota girman kaya suke kallo su yanka maka kuɗi ba kasafai suke awo ba, kuma tana kare kaya daga ƙura da ruwan sama. Sai dai kaya in sun matsu suna yin tauri da nauyi, hannun jakar da zif ɗinta ba za su jure ba, ka ɗaure ta da igiya ta waje, kuma ka tausaya wa 'yar kayayo da za ta ɗauka a ka, ka raba gida biyu ka biya ta na biyu. In wataran jirgi za ka hau ka fara tambaya, a 2023 Ethiopian Airlines ta sanar a Najeriya cewa ta daina karɓar irin wannan jaka saboda tana maƙalewa a belin kaya.

TAMBAYA: Zan kai wa yayata da ke Amurka shito da kilishi da gari. In sa su a ledar matse kaya wari ba zai fita ba?

AMSA: Ƙanwata ledar tufafi ba a yi ta don abinci ba, kuma mai yana samun hanya ko ta ina. Shito, wato miyar barkonon nan mai mai, ki zuba a robar da murfinta ke murɗuwa, kar ki cika ta fal, ki sa leda a baki kafin ki murɗa, ki naɗe da salatif, ki saka cikin leda biyu, ta zauna a babban akwati nesa da tufafi. Gari ba shi da matsala in a rufe yake da kyau. Kilishi ne ba zan ba ki shawara ba, Amurka ta tsaurara sosai kan shigo da nama, Ingila ma ta hana nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kuma in shiton naki da nama a ciki shi ma ya shiga wannan layin, ki yi na kifi da jatan lande zalla. Da kin sauka duk abincin da ke akwatinki ki faɗa musu da bakinki, wanda ya faɗa abin da zai same shi bai wuce a karɓe abin da ba a yarda da shi ba, wanda ya ɓoye aka gano shi ne ake ci wa tara.