Katin inshorar lafiya da ciwon daji: kuɗi kawai yake ragewa, ko har da mutuwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Shekara biyu da suka wuce sankarar mama ta kama yayata. Mun sayar da fili, mun sayar da mota, amma ba ta tashi ba. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar gwamnati ta yi irin wannan ciwon, ga ta nan tana zuwa aiki. Mutane suna cewa don tana da katin inshora ne. Yanzu ƙungiyarmu ta kasuwa tana so mu shiga tsarin, ni kuwa ina ganin idan kwana ya ƙare ya ƙare. Da gaske kati yana tsare rai, ko kuɗi kawai yake ragewa?

Amsa: Alhaji, Allah Ya jiƙan yayarka, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ku kuma Ya mayar muku da abin da kuka kashe. Maganar ajali ba hurumina ba ce, kuma malamanmu da suka karantar da mu ita su ne suka karantar da mu neman magani. Ni abin da zan iya gaya maka shi ne abin da ake gani idan aka jera masu ciwo dubbai aka ƙirga.

Mata biyu ba sa isa hujja. Sankarar mama iri-iri ce, wata tana tafiyar hawainiya tana jin magani, wata kuwa cikin 'yan watanni ta cinye jiki ko da an zo da wuri. Mai yiwuwa ciwon yayarka da na maƙwabciyarku suna kawai suka haɗa. Amma idan aka bar mutum biyu aka dubi jama'a, amsar tambayarka ita ce i: masu inshora sun fi daɗewa a raye bayan an gano ciwon.

An fi yin wannan ƙidaya a Amurka, saboda can ne ake da masu kati da marasa kati a gari ɗaya, kuma ana rubuta komai. Tun a 1993 aka buga wani bincike kan mata fiye da 4,000 masu sankarar mama a jihar New Jersey, aka tarar haɗarin mutuwar marasa inshora ya ɗara na masu inshorar kamfani da kashi 49 cikin 100. A 2022 kuma masu bincike na Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka suka fito da abin da ya fi wannan ɗaure kai: a wasu nau'o'in ciwon, ciki har da na hanji da na furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara), marar inshora da aka gano nasa a mataki na ɗaya bai kai mai inshora da aka gano nasa a mataki na biyu daɗewa ba. Ka ga ke nan mai katin da ciwonsa ya fi nisa ya fi marar kati tsira, saboda abin da ya biyo bayan ganowar.

Ɗan kasuwa irinka zai ce, ai mai kati dama mai hali ne, yana cin mai kyau, ya yi boko, yana zaune kusa da asibiti. Wannan tuhuma ce mai ƙarfi, kuma wani ɓangare na bambancin daga nan yake. Shi ya sa na fi ba da nauyi ga wasu hujjoji biyu. Ta farko, a Amurka duk wanda ya cika shekara 65 yana shiga inshorar gwamnati mai suna Medicare. Da aka duba, sai aka ga ana samun tsalle a yawan ciwon dajin da ake ganowa daidai a shekara 65, musamman wanda bai yi nisa ba. Jikin ɗan shekara 64 da na ɗan 65 ba su da wani bambanci; mutane ne suke danne ciwo suna jiran kati. Ta biyun, daga 2014 wasu jihohin ƙasar suka faɗaɗa inshorar talakawa ta Medicaid, wasu suka ƙi. Bayan shekaru aka kwatanta, jihohin da suka faɗaɗa suka fi samun ƙaruwar waɗanda suka kai shekara biyu a raye. Ratar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba idan aka haɗa kowa, amma ta fi faɗi a karkara da tsakanin baƙaƙen fata, wato inda talauci ya fi ciwo.

To ta ina katin yake aiki? Wuri biyu ne, kuma duka biyun lokaci ne.

Na farko, ranar da mace ta fara jin ƙullutu. Wadda za ta biya daga aljihu tana lissafi: kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin yankar ɗan nama a kai ɗakin gwaji, kuɗin mota. Sai ta ce bari a ga bayan salla. A shafa man zafi, a gwada na gargajiya, a je kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a iso gare mu fatar nonon ta yi kamar ɓawon lemo, hammata ta cika da kaluluwa, wani lokaci har ya fashe yana wari an naɗe shi da zani. A ƙididdigar Amurka, sankarar mama da aka kama tun ba ta bar nono ba, kusan 99 cikin 100 suna kai shekara biyar. Idan ta riga ta kai ƙashi ko huhu ko hanta, abin yana komawa wajen kashi ɗaya cikin uku. Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya bi matan ƙasashen Afirka biyar masu wannan ciwo, ya tarar a rukunin Najeriya 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara uku.

Na biyun shi ne wanda na fi so ka riƙe, don a nan ne gidaje irin naku suke karyewa. Maganin ciwon daji ba a yin sa a zama ɗaya. Ruwan kemo na sankarar mama, wato maganin da ake ƙara wa mutum ta jijiya don kashe ciwon, yawanci zagaye shida ne zuwa takwas, mako uku-uku, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. Ga tiyata. Ga gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, wanda ake zuwa kwana biyar a mako har tsawon makonni, sau da yawa a garin da ba naka ba. Ga ƙwayar tamoxifen ta shekara biyar ko fiye ga wadda ciwonta ke jin ta. Wadda take buƙatar allurar trastuzumab kuwa, shekara guda za ta yi tana karɓa. Zagaye na ɗaya da na biyu dangi suna haɗa kuɗi da zafinsu. A na uku a sayar da fili. A na huɗu sai a ji shiru, sai bayan wata biyu a dawo da abin da aka samu, a ce likita a yi mana rabi. Ciwon kuwa ba ya jiran a sayar da mota. Likitocin Milan a Italiya sun daɗe da nuna cewa matan da suka sami ƙasa da kashi 85 cikin 100 na adadin kemo da aka tsara musu ba sa cin moriyarsa yadda ya kamata. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike da dama ya nuna jinkirin mako huɗu a fara magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin 100, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. A Eldoret ta Kenya ma an ga haka a yara: waɗanda iyayensu ke da inshorar ƙasa sun fi ƙarasa magani, sun fi tsira.

Sai mu dawo gida, inda dole in rage maka zumuɗi. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma har yanzu masu kati ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba. Kuma katin namu bai ɗauke ciwon daji gaba ɗaya ba. Yana da ƙarfi wajen ganin likita, gwaje-gwajen farko da tiyata da yawa. A kan magungunan da ke cikin jerinsa mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100. Amma kemo mai tsada da gashi sau da yawa wani kaso kawai ake ɗauka ko a sa iyaka. Ga jiran lambar izini kafin a tura ka babban asibiti, wanda shi kansa yana cin kwanaki. Kati kuma ba ya gyara injin gashi idan ya tsaya. Duk da haka, a ganina ko da amfaninsa ya tsaya a kan cewa mace za ta nuna ƙullutu a makon da ta ji shi ba tare da ta roƙi kowa kuɗi ba, ya biya kuɗinsa.

Saboda haka ku shiga, amma ku shiga da ido buɗe. A Kano kuna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, akwai kuma tsarin hukumar ƙasa na ƙungiyoyi da iyalai da ake kira GIFSHIP. Kafin ku sa hannu ku nemi a ba ku a rubuce: ana biyan gwajin nama? Zagaye nawa na kemo? Gashi fa? Wane asibiti ake turawa, kuma wa za a kira idan izini ya makale? Ku tambayi tsawon lokacin jira kafin kati ya fara aiki, domin wanda ya yi rajista bayan ciwo ya bayyana ya riga ya rasa rabin amfanin. Ku sa matanku a ciki, kada ku tsaya kan masu shaguna kaɗai.

Ga wanda ciwon ya riga ya kama kuma ba shi da hali, gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu ciwon daji da ya fara aiki a 2021 kan sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet. Cikin asibitoci shida da aka fara da su akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ana nema ne ta hannun likitan da ke duba mutum da ofishin walwalar marasa lafiya.

Abu ɗaya kuma da ya shafi gidanku kai tsaye: tunda yayarka ta yi sankarar mama, 'ya'yanta mata da ƙannenku mata su gaya wa likita wannan tarihi, a duba su, a faɗa musu shekarun da ya kamata su fara yin hoton nono. Idan ciwon ya kama ta tun ba ta kai 50 ba, su je cikin watan nan.