Ya ƙi biyana kuɗina, ta ina zan fara kai ƙara?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani ne ya karɓi atamfa a wajena a Kantin Kwari ta naira dubu ɗari takwas, yau wata bakwai kenan sai yawo yake min da hankali, ko waya ba ya ɗauka. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya Allah ya fitar miki da hakkinki. Kar ki nufi 'yan sanda, bashi ba aikinsu ba ne. A Kano akwai kotun ƙananan basussuka tun 2019, ba sai da lauya ba. Ki fara rubuta masa takardar neman biya ki ajiye kwafi, in ya yi biris sai ki je wajen rajistara ki cika fom, sunansa, adireshinsa, nawa ne kuɗin, yaushe ya karɓi kayan, ki haɗa da rasit ko hirarku ta WhatsApp, ki biya kuɗin shigar da ƙara ki karɓi shaida.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sammaci. Masinjan kotu ne zai kai masa hannu da hannu, don haka adireshin ya zama daidai wallahi, in sammaci bai isa gare shi ba shari'a ba ta tafiya. In ɓuya yake, ki roƙi alƙali ya ba da izinin liƙa masa a ƙofar gida.