Ƙanena na so in saya masa na'urar neman zinariya: in fasa jarin shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, shekarata 11 ina sayar da shinkafa, mai, sukari da taliya. Na tara sefa miliyan 3 da niyyar ƙara kaya kafin azumi. Ƙanena ya dawo daga wajen zinariya a arewacin Agadas, inda ya yi wata 8 yana yi wa wasu aiki. Ya ce in saya masa na'ura ta miliyan 2 da rabi, in ya so duk abin da aka samu a fid da kuɗin guzuri a raba uku: kashi ɗaya na mai na'ura, ɗaya na mai mota, ɗaya na ma'aikata. Kuma wani ya turo mini bidiyo a WhatsApp na wata na'ura mai eriya, ya ce tana gano zinariya daga nisan kilomita 2, kuɗinta jikka 800 kacal. Wacce ta fi dacewa in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya bar zumunci tsakaninka da ƙanenka.

Bari in fara sallamar mai eriya, don ba ta cancanci dogon zance ba. Babu na'urar hannu da ke jin zinariya daga nisan kilomita 2, ko mita 20 ma. Sandar nan da kake gani tana juyawa a bidiyo, hannun mai riƙe da ita ne ke juya ta. Wanda yake da abin da ke nuna masa zinariya daga nesa haka, me zai kai shi neman jikka 800 a wurinka? Ka goge lambarsa.

Na'urar gaskiya kuwa, ga yadda take aiki. Faifan da ake shafa ƙasa da shi yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai amsa ta dawo, mai na'ura ya ji sauti ya canza a kunnensa. Iyakar abin ke nan. Ba ta san zinariya da suna ba, ƙarfe take ji. Ƙusa tana sa ta kuka, gwangwanin sardin da wani ya binne shekara biyar baya yana sa ta kuka, haka kwanson harsashi, haka wasu duwatsu masu sinadarin ƙarfe. Ɗan ƙwayar zinariya kamar ƙwayar dawa sai ya kasance cikin ƴan santimita kaɗan daga sama kafin ta ji shi. Babban dunƙule ne ake iya ji a zurfin kamu ɗaya ko biyu, kuma irinsa ba kullum ake gamo da shi ba. Zinariyar da ke niƙe cikin dutse kamar gari kuwa, wadda ake haƙa rijiya a fasa a niƙa a wanke da zaiba, wannan ba aikin na'ura ba ne sam.

Wannan bambancin shi ne gindin maganata, don haka ka tsaya a kansa. Lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, a watan Afrilun 2014, a saman ƙasa take, warwatse cikin yashi da tsakuwa, ba wanda ya taɓa tsince ta tun fil azal. Waɗanda suka fara isa da na'ura, da yawansu ƴan Cadi da ƴan Sudan da suka riga suka ƙware a aikin, su suka kwashi rabo. A shekarar ne kuma aka gano ta Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. Labaran da har yau ake bayarwa a majalisa, na wanda ya tafi da silifas ya dawo da Hilux, yawancinsu na wancan lokacin ne. To amma zinariya ba gero ba ce da za a girbe bana ta sake fitowa baɗi. Filin da dubban na'urori suka yi shekara da shekaru suna shafarsa, abin da ya saura a samansa kaɗan ne. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, a Cibarakaten kuma aiki ya koma na rijiyoyi masu zurfi, da janareta da injin fasa dutse da buhunan da ake lodawa zuwa wuraren niƙa. Mai na'ura a yau sai ya nausa can cikin sahara neman wurin da ba a taka ba, kuma kowane kilomita da ya ƙara, mai ne da ruwa da kasadar rai.

Kada ka ce in abin bai yi ba sai a dawo da ita a gwada a gida. Ƙasar Adar ƙasar farar ƙasa ce da jibsin da fosfat, shi ya sa siminti ke Malbaza. Zinariyar Nijar tana inda tsohon dutse ya fito fili: Liptako wajen Komabangu da Samira, tsaunukan Ayar, Jado, da kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa. A kan jan dutsen fakon Tawa na'urar za ta yi ta kuka har batir ya ƙare, ba ta ba ka ko dala ba.

Yanzu mu yi lissafi, irin wanda kake yi in za ka sari tirelar shinkafa. Alkaluman na misali ne, kai ka sa na ranar da za ka yanke shawara. Mu ce ana sayen giram guda jikka 60 a daji. Mu ce mutum huɗu da mota suna cin jikka 500 a wata, tsakanin mai, ruwa, abinci, gyaran taya da abin da ake bayarwa a hanya. Wata uku miliyan 1 da rabi ke nan. Kafin kashinka na ɗaya cikin uku ya kai miliyan 2 da rabi, wato ka mai da kuɗin na'ura kawai ba riba, sai an samu giram 150: miliyan 9, a cire guzuri saura miliyan 7 da rabi, a raba uku. Ka tambayi ƙanenka, a wata 8 da ya yi, giram nawa ƙungiyarsu ta auna a sikeli da idonsa. Ba abin da ya ji an samu a wani sansani ba, abin da ya gani. Sannan ka lura da wani abu da wasiƙarka ba ta ambata ba: wa zai fara zuba kuɗin guzurin? In kai ne, to bayan sayen na'ura jikka 500 suka rage maka, wata guda ke nan. A wata na biyu waya za ta zo a ce a turo kuɗin mai, kuma a cikin aljihun shago za ka ɗauka, a daidai lokacin da abokan cinikinka ke neman sukarin azumi.

Gaskiya ne farashin zinariya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Oza guda, wato giram 31.1, ta haura dalar Amurka 2,000 a 2020, ta wuce 3,000 a watan Maris na 2025. Wannan ne ke sake zuga mutane. Sai dai wancan farashin na zinariya tsantsa ce mai karat 24. Ta daji tana zuwa da gauraye, mai saye zai auna ta a iska ya auna ta cikin ruwa ya fid da karat ɗinta, ya cire nasa, sannan ya faɗi kuɗi. Wanda bai iya wannan awon ba, abin da aka ce masa shi zai karɓa.

Sai maganar jabu, wadda ta taɓa gidanmu. A 2015 ɗan ƙanen mahaifina ya sayar da babur ɗinsa da shanu biyu ya sayi na'ura wurin wani mai shago a Yamai. Kwalinta sabo fil, sunan kamfani a jiki, har da littafin bayani. Ya yi kwana 40 a daji, abokan tafiyarsa na tsinta a gefensa shi ko ƙwaya. Da ya dawo muka binne ɗan kunnen zinariya na matata a tsakar gida, zurfin taƙi guda, ya shafa faifan a kai ya fi sau goma, shiru kamar an shuka dusa. Muka ajiye galma a ƙasa, nan take ta kama kuka. Na ga yadda ya tsuguna ya dafe kai, bai ce uffan ba. Har yau tana rataye a zaurensu. Na'urorin da aka fi nema a wuraren zinariya na kamfanin Minelab ne na Ostareliya, irin su GPX 4500 da GPX 5000 da GPZ 7000, da ƙaramarsu Gold Monster 1000, kuma saboda farin jininsu su aka fi kwaikwaya. Kamfanin da kansa ya sha yin gargaɗi a kan haka, yana kuma wallafa sunayen dillalan da ya amince da su a shafinsa na intanet. Duk wanda zai saya, ya je da ɗan guntun zinariyar daji na giram guda a aljihu, ya binne da hannunsa a inda ya zaɓa, ya gwada kafin kuɗi su fita. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ko na'urar ta gaskiya ce, rabin aikin a kunnen mai riƙe da ita yake. Sai ya iya daidaita ta da irin ƙasar wurin, ya iya bambance kukan dutse da na zinariya, ya jure tafiya a hankali faifai na shafar ƙasa tun asuba. Ƙanenka a wata 8 ɗin nan shi ke riƙe da na'ura, ko shi ke bin mai na'ura da diga yana tona inda aka nuna masa? Tambayar tana da nauyi a baki, amma gara ka yi ta yanzu.

Abin da ya fi damuna ma ba na'urar ba ce. A shagonka buhu nawa ya shigo, buhu nawa ya fita, ka sani, ko ba ka nan yaronka ba zai iya ɓoye tirela ba. A wannan harka hajar da ta kai miliyan tana shiga cikin kwalin ashana, kuma kana Tawa ana tsintar ta a nisan kwanaki. Ban ce ƙanenka zai ci amana ba. Amma akwai mai mota, akwai sauran ma'aikata, akwai ƴan fashin hanya da suka sa ake tafiya cikin ayari da rakiyar sojoji, akwai nakiyoyin da suka saura a wasu sassan arewa tun lokacin tawaye. Ranar da ya dawo ya ce ba a samu komai ba, ko da gaskiya ya faɗa, wani abu zai tsaya maka a zuciya, wani zai tsaya masa, mahaifiyarku kuma tana tsakiya. Na ga gidajen da aka daina cin tuwo a kwano ɗaya a kan abin da bai kai haka ba. Kuma ka tambayi malaminka hukuncin kiradi, wato mutum ya ba da dukiya wani ya yi aiki a raba riba: in aka faɗi ba da sakacin mai aiki ba, asarar dukiya a kan mai dukiya take.

Akwai hukuma kuma. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa a Nijar mallakar ƙasa ne, an yi sabuwar dokar ma'adinai a 2022, kuma haƙar gargajiya tana bukatar izini da wurin da aka keɓe. Wurin da ke buɗe bana ana iya rufe shi baɗi, kamar yadda aka yi a Ɗan Isa bayan ruftawar rami ta kashe aƙalla mutum 18 a watan Nuwamban 2021. Kafin komai ka taka zuwa ofishin ma'adinai na jiha nan Tawa ka ji abin da ake ciki yau. Bidiyoyin Turawa da kake gani suna tono tsofaffin kuɗi a gonaki kuwa, nishaɗin ƙarshen mako ne na masu albashi. A nan tonon kufai da tsofaffin makabartu don neman kayan tarihi laifi ne a dokar 1997.

To me zan yi da a ce ni ne kai? Miliyan 3 ɗin nan ba zan fasa su ba. Zan sari kayan azumi kamar yadda na yi niyya, don wannan ribar na san hanyarta shekara 11. In ina so in ci daga zinariya, zan ci a matsayin ɗan kasuwa. Duk mutumin da ke daji, ya samu ko bai samu ba, sai ya ci taliya da shinkafa, ya sha shayi da sukari, ya sayi tocila da batir da takalmi da jarka. Waɗannan kayanka ne, ka san inda ake sarinsu da araha, kuma daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne. Ƙanenka ya san hanya, ya san mutane, ya san abin da ke yankewa a sansani. Ka ɗaura masa kaya na jikka 400 ko 500, a rubuta adadi da farashi a gaban shaidu biyu, ya kai ya sayar, kuma ka gargaɗe shi da babbar murya a kan ba da bashi ga wanda zai biya "in an samu". In ya juya kuɗin sau uku lissafi na fitowa daidai, ka san hannunsa, shi ma ya tara nasa.

In har zuciyarsa na kan na'urar, sai ya saya daga ribar wannan fataucin, ya fara da ƙarama wadda kuɗinta bai kai rabin na babbar ba, kai kuma ka sa abin da in ya ɓace gaba ɗaya shago ba zai girgiza ba. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i, ku biyu kawai, ka sa masa lissafin giram 150 ɗin nan a takarda ya duba da kansa. Abin da ya ce game da giram ɗin da ya gani a sikeli, da ko shi ke riƙe da na'ura, ka rubuto mini, sai mu ɗora daga nan.