Amsa ga Yaya: fansho da tarar haraji a Amurka

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni me ya sa dattawanmu na nan New York ke kukan tarar haraji bayan sun ajiye aiki, alhali ana cire musu haraji tun kafin fansho ya shigo hannunsu. Na san abin da ya ɗaure maka kai, tunda a Nijeriya doka ta yafe wa kuɗin fansho haraji. A nan kuwa ba a yafe ba.

Hukumar haraji ta tarayya, IRS, ba ta yarda ka tara mata haƙƙinta sai shekara ta ƙare ba. So take kana samu kana biya. Ko da ka cika mata kuɗinta cif ranar 15 ga Afrilu, wato ranar ƙarshe ta biyan harajin shekarar da ta wuce, in abin da ya shiga aljihunta a cikin shekarar ya gaza, sai ta ci ka tara. Mutum na tsira ne idan ragowar da ake bin sa bai kai dala 1,000 ba, ko ya riga ya biya kashi 90 cikin 100 na harajin bana, ko daidai da dukan na bara. Mai samun sama da dala 150,000 kuwa sai ya kai kashi 110 na bara.

Mai albashi ɗaya ba kasafai yake faɗawa wannan ramin ba. Ɗan fansho ne ke faɗawa, domin kuɗinsa ta ƙofofi da yawa yake shigowa, kuma kowace ƙofa kanta kaɗai ta sani. Masu biyan fansho na yanke nasu kamar ba ka da wani samu. Kuɗin tsufa na gwamnati, Social Security, ba a cire masa ko sisi sai ka cike takardar W-4V ka zaɓi kashi 7, 10, 12 ko 22, ga shi kuma har kashi 85 nasa na iya shiga lissafin haraji.

Sai kuma halinmu na Hausawa. Dattijo zai ciro maƙudan kuɗi daga asusun ritayarsa na IRA don ya ƙarasa gini a Kano ko Kumasi, ko ya biya wa uwargida kujerar Makka, ko ya aurar da 'ya. In bai ce komai ba, kashi 10 kawai za a cire, alhali cirar ta ɗaga shi zuwa matakin haraji na sama. Haka kuɗin hayar gidan da ya gina a gida: Amurka na ƙirga samun ɗan ƙasarta ko a ina ya same shi. Wasunmu na kau da kai daga wannan, ni dai ban ga hikimar ba.

Tarar ba ta karya mutum. Lissafin ruwa ake yi mata, kashi 8 a shekara a 2024. Amma wannan kamannin da riba shi ya fi ci wa tsofaffinmu rai, fiye da yawan kuɗin. Bayan sallar Juma'a a masallatan Bronx, daga Fabrairu zuwa Afrilu, hirar ke nan.

Masu tsari na biya sau huɗu: 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Galibinmu mantawa muke yi, shi ya sa dabarar Disamba ta fi karɓuwa. Duk abin da aka cire tun daga tushe, IRS na ɗaukarsa kamar an biya shi kaɗan-kaɗan tun farkon shekara, ko da a watan ƙarshe aka cire. Sai mutum ya ciro kuɗi daga asusunsa a Disamba, ya ce a tura kaso mai tsoka ga hukuma, giɓin ya toshe. Wanda kuma ya yi ritaya bayan ya cika shekara 62, a bana ko bara, yana iya neman afuwa da takarda mai lamba 2210 in yana da uzuri karɓaɓɓe.

Kawu ya wuce wannan rangwamen tuni. Don Allah ka turo mini lissafin hayar gidansa na Hotoro kafin ƙarshen Nuwamba, mu san nawa za a ce masu riƙe da asusunsa su cire a Disamba.